Mai Amshin Famori

Sana'ata kalma ɗaya ce. Famori Sumano yana kaɗa ngoni, wato molonmu na Mali, yana rera tarihin mazan jiya, duk inda ya ja numfashi ni kuma in ce "naamu", wato mun ji, haka ne. Tun muna da baƙin gashi muke haka. Masu cewa wannan ba aiki ba ne su gwada yi daga la'asar zuwa magariba ba tare da sun katse wa mawaƙi hanzari ba.

Sai aka gayyaci Famori babban zauren nan na bakin kogi a Bamako, zai yi wasa da wasu Turawa masu goge. Mai shirya taron, Madam Nakani, ta zo har gidansa. Bayan doguwar gaisuwa ta ce za a naɗi sautin, don haka ba a son jin kowace murya sai ta mawaƙi. Ta juyo gare ni.

"Baba Cemoko, an ware maka kujera a sahun gaba."

Na jira Famori ya ce wani abu. Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ku ba shi mai laushi, ƙugunsa ya tsufa."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da ta fita na ce masa, "Wallahi ko rufin zauren ya faɗo maka, ba za ka ji bakina ba."

"Ka ga kunnena ya huta," in ji shi.

Ranar wasa na sa shaddata mai sitaci, na zauna inda aka ce. Madam ta roƙi jama'a: ba guɗa, ba rawa, ba amshi. Mutanen Bamako suka jeru tsit kamar masu jiran likita.

Famori ya fara, yana zaune a kan tabarmarsa. Da ya kai inda nake shiga, sai wata Baturiya mai ƙaton goge, wanda ake kafa ƙafarsa a ƙasa, ta ja tsirkiya sau ɗaya. Ashe sun koya mata wurina. Na so a ce bai yi daɗi ba. Ya yi daɗi ƙwarai, kuma ba ta makara ko sau ɗaya ba. Na zauna ina kallon katako yana yin aikina, har ya fi ni murya.

Can tsakiyar labarin wani jarumi, sai na ji Famori ya saki hanya. Da muryar yabon sarakuna ya rera, "Cemoko ya cinye tukunyar wake shi kaɗai." Gogen ya amsa. "Cemoko ya ari takalman da ke ƙafarsa." Gogen ya sake amsawa, cikin ladabi, don baiwar Allah ba ta jin Bambaranci. Kafaɗun mutane suka fara rawa. Ni dai na kafa wa bango ido. Rantsuwa rantsuwa ce.

Sai ya sassauta kiɗan, ya ɗaga wa Baturiyar hannu ta dakata.

"Abokina Cemoko ya rasu," ya rera. "Da yana raye, da bai bar ni ina magana ni kaɗai a gaban mutane ba."

Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, ya jira. Zauren ma ya jira. Idan na amsa masa yadda na saba, na yarda na mutu. Idan na yi shiru, na tabbatar. Na dube shi.

Na miƙe na ce, "Ƙarya kake, tsohon banza."

Madam Nakani ta dafe kai. Famori bai ko kalle ni ba. Ya dai matsa gefe a kan tabarmar, ya bar wurin mutum ɗaya. Na hau da takalmana, na manta ban cire ba.