Takin Turken Inna Hajara

Kakar 1984 ta zo Agadas ba tare da buhun sabon gero ko ɗaya daga kudu ba. Rediyo kullum maganarsa ɗaya: gwamnatin soji ta ce kowace unguwa ta yi garkar rani. Matan unguwarsu Inna Hajara sun samu fili a bakin koramar Telwa, da rijiya mai ɗan ruwa, amma ƙasar rairayi ce zalla.

Chaibou, wani mai garka da ya baro Dabaga bayan rijiyarsa ta ƙafe, shi ya haƙa musu rami. Ya ce su riƙa zuba toka, ɓawon albasa, ganyen shayin da aka gama sha, da ruwan wanke-wanke. "Amma in babu kashin dabba," in ji shi, "shara za ku tara, ba taki ba."

Dabbobi kuwa sun ƙare a gari. Wurin da taki ya rage kowa ya san shi: turken Hajara. Shekara talatin tana kiwon awaki a bayan ɗakinta, kashinsu ya taru ya daskare har ya fi kamu guda. Bana fari ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe, wadda take kira Ja, da azumi ta mutu, kanta bisa cinyar tsohuwar. Tun ranar Hajara ba ta bari ko tsintsiya ta taɓa wurin. Can take zama da hantsi, carbi a hannu.

Aka aiko Fulera, maƙwabciyarta mai goyo.

"Na san abin da ya kawo ki," Hajara ta ce tun kafin ta gama gaisuwa. "Ku bar mini warinsu mana. Shi kaɗai ya rage."

"To, Inna. Ki ba ni tokar murhu kawai."

Kowace safiya Fulera takan zo ɗibar toka, ta ɗan zauna. Ba ta sake ta da maganar ba. Hajara ce ma take ba ta labarin awakin: wadda ke satar dabino, wadda ta haifi uku a shekarar ruwa.

Wata rana jaririyar Fulera ta kama nono, ta saki, ta sake kamawa, ta fashe da kuka. Fulera ta juya ta ɗaya ɓangaren, kanta a sunkuye. Hajara ta san abin da ake ci a gidan: jar dawar taimako, da ruwa da gishiri.

"Da Ja tana nan, da na tatso miki," ta ce. Ta daɗe tana kallon turken, sannan ta ajiye carbin. "Ki ce wa mutumin Dabaga ya zo da fartanya. Amma ni zan fara sara."

Sara uku ta yi, numfashinta ya ƙare, ta miƙa wa Chaibou. Ƙarƙashin busasshen ɓawon, takin baƙi ne wuluk, mai laushi. Chaibou ya dumtsa, ya shinshina, ya ce, "Inna, ko a Dabaga ban taɓa riƙe irin wannan ba." Mata suka yi ta cika tsofaffin buhunan taimako. Da aka ɗauki na ƙarshe, Hajara ta yafa mayafi ta bi su har bakin ramin, ta tsaya sai da aka rufe shi da ƙasa.

Sanyi na shigowa aka buɗe ramin, aka yi shuka. Salati ya fara fitowa, sai shu, wato kabeji, da karoti. Ba a ƙoshi ba, amma miya ta koma tukwane, nonon Fulera ya dawo kaɗan-kaɗan.

Ranar da ake raba sababbin fangali, Hajara ta nemi guda a can gefe, ta ce ciyawar dabbobi za ta shuka.

"Wa zai ci, Inna?" Chaibou ya tambaya.

"Kai dai nemo mini iri," ta ce, ta durƙusa ta fara tsince duwatsu.