Rumfar Sabo, Rumbun Nababa

A shekarun farin nan da harawa ta kusa fin nama daraja, Sabo ya ga babu sana'ar da ta kai tara ta. Yana bin ƙauyuka yana sayen harawa da dusa, ranar kasuwar Ɗambatta ya kai wa masu dabbobi. Wurin ajiya kawai ya rasa, don awakin unguwa sun mai da tsakar gidansa gidan biki. Sai ya samo tsofaffin kwanon rufi, ya ƙudura yin rumfa a bayan gida.

To, a ƙauyen nan gida jingine yake da gida, in ka yi atishawa maƙwabci ne zai amsa maka. Bayan katangar Sabo gidan Nababa ne, dattijo, abokin marigayi mahaifinsa. Dab da katangar kuwa rumbun Nababa ne na ƙasa. Hatsin ci ya daɗe da ƙarewa a ciki. Abin da ya rage tukunya ce ta irin gero, an cuɗe shi da toka, an liƙe bakin. Nababa da matarsa Hure sun ci rama, sun ci tafasa, amma ba su taɓa tukunyar nan ba. Gero ne mai saurin nuna da ya gada wurin ubansa, kuma shi ne abincinsu na baɗi. Kowa a unguwar ya san da haka, har da Sabo.

A lokacin ƙaramar hukuma ta kafa doka, ko akurkin kaji za ka rufa da kwano sai duba-gari ya zo ya gani. Malam Uwaisu duba-gari ya zo a kan kekensa, mai unguwa na biye da shi. Ya zagaya wurin, ya leƙa bayan katanga, ya girgiza kai.

"Malam Sabo, kwanon nan ina zai zubar da ruwa?"

"Wane ruwa kuma, ranka ya daɗe? Ai mun manta kamanninsa."

"Doka ba ta manta ba," in ji Uwaisu. "Ruwan rufinka a gidanka zai zuba. In kuwa zai faɗa gidan wani, sai mai gidan ya ce ya yarda, a gaban mai unguwa."

Nan gizo ke saƙa. In kwano zai gangaro cikin gidan Sabo, sai ya ƙara wa katangar baya tsawo, ƙarin katanga kuwa sai an kwaɓa ƙasa, ga rijiya ana kankarar gindinta da ƙwarya. In kuwa ya kafa dogayen gwafanni daga ciki ya ɗora ƙarshen kwanon a kan katangar yadda take, yini guda ya gama. Sai dai bakin kwanon zai kalli rumbun Nababa.

Aka kira Nababa. Uwaisu ya yi masa bayani dalla-dalla, ya ce, "Baba, ka yarda?"

Tsohon ya dubi rumbunsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ai Sabo ɗana ne."

Duk wanda aka haifa a garin nan ya san wannan ba amincewa ba ce. Kara ce. Dattijo ba zai buɗe baki a gaban baƙo ya hana ɗan abokinsa abu ba. Yakan miƙa maka maganar ne, kai kuma ka mayar masa da kara, ka ce a'a Baba, na fasa. Mai unguwa ma ya zuba wa Sabo ido yana jira. Sabo ya sunkuya yana gyara takalminsa da babu abin da ya same shi.

"To, na ji ya yarda," in ji Uwaisu, ya hau kekensa.

Rumfa ta tashi, harawa ta samu inuwa, ciniki ya kankama. Amma Sabo bai ƙara jin daɗin gaisawa da Nababa ba. Kullum ya shiga ɗibar kaya sai idonsa ya kai kan bakin kwanon. Matarsa Furera ma ba ta bar shi ya huta ba.

"Malam, ka juya kwanon nan. Tsohon nan kunyarka ya ji."

"Zan juya. Bari kasuwa ta ɗan lafa."

Kasuwa ba ta lafa ba. Da aka fita roƙon ruwa bayan gari, Sabo ya juya rigarsa kamar kowa, ya ɗaga hannu kamar kowa, amma da liman ya roƙi ruwa mai yawa sai amin ta maƙale masa a wuya. Ya ji kunyar kansa ƙwarai. Mutum yana tsaye cikin mayunwata, shi kaɗai yana fatan sama ta ƙara jinkirtawa. Ya yi alkawari a ransa gobe zai fara kwaɓa ƙasa. Goben ta zo, wani mai shanu ya zo da ciniki.

Ruwan ya sauko wata la'asar, tun lokacinsa bai yi ba, kamar da bakin ƙwarya. Mata na ta guɗa suna jera tukwane da robobi. Sabo kuwa yana tsaye cikin rumfarsa, harawarsa a bushe ƙamas, yana jin yadda ruwan kwanon ke taruwa ya zuba ta bayan katanga. Ya yi tunanin ya hau ya yaye kwanon. Ya dubi harawa, ya dubi sama, yana cikin wannan dube-duben ya ji rugum. Daga nan sai salatin Hure.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan dai wani ne ya ja, aka doki wani.

Rumbun ya zube, tukunyar ta fashe, iri ya cakuɗe da laka yadda ko tsuntsu ba zai tsince shi ba. Kafin ƙasar ta bushe ƙwayar ta kumbura, wata har ta fara fasa baki. Manoman garin babu wanda ya fita shuka, don fari ya koya musu kada a yarda da ruwan farko. Nababa kuwa ba shi da zaɓi. Ya kwashi lakar a kwando, shi da Hure, suka kai gona suka binne ta rami-rami. Sabo ya je taya su, Nababa ya yi ta sa masa albarka, shi kuwa ji yake da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Geron ya fito kore shar, shi kaɗai a duk faɗin gonakin. Sama kuma ta ɗauke. Sabo ya daina bin hanyar gonar, amma labari ba ya bukatar hanya. Tsiron ya yi yaushi, ya kwanta, ya ƙone.

Ana cikin haka Uwaisu ya dawo zagayen gine-ginen da ruwa ya rushe. Ya tsaya kan kufan rumbun, ya ɗaga kai ya kalli bakin kwanon.

"Baba, in ruwan rufin nan ne ya ci rumbunka, ka faɗa. Ka yarda ruwa ya zuba, ba ka yarda da ɓarna ba. Yau za a rushe rumfar, magana kuma ta je gaban alƙali."

Sabo na tsaye a gefe. Ya buɗe baki, Nababa ya riga shi.

"Gara ce, Malam. Ta daɗe da cinye gindinsa."

Uwaisu ya dubi Sabo, ya ba shi sarari ya yi magana. Sabo ya sake samun abin gyarawa a takalminsa.

Da damina ta zauna sosai, Sabo ya sayo irin gero a Ɗambatta, mafi kyau da ya samu, ya kai gidan Nababa da kansa. Ba geron da Nababa ya gada ba ne, wancan ya tafi ke nan. Washegari bayan sallar azahar tsohon ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su shaida, Allah ya ba shi maƙwabcin da ya fi ɗan cikinsa. Aka yi ta cewa madalla, ana miƙo wa Sabo hannu. Shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Suka fito tare. Sai da suka iso lungunsu, babu kowa, Nababa ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Sabo, in ka samu sarari ka juya kwanon nan. Yanzu da babu rumbu, ɗakin Hure ruwan yake bi."