Amanar Tankin Mahamadou

Huzaifa ya ci amana, kuma amanar wanda ba shi da bakin kare kansa ya ci.

Mahamadou, ɗalibi daga Damagaram mai karatu a ƙasar Sin, digirinsa kaf a tankin gilashi ɗaya yake. Ya zuba taurarin teku iri biyu, manya jajaye da ƙanana masu ruwan toka, a kan shimfiɗar baƙar kawa, abincinsu mai ɓawo, yana duba wanda zai rinjayi wani wajen ci. Tauraro kan rungume kawa ya yi ta jan ɓawonta har ta gaji ta buɗe. Ita kuwa a manne take da dutse, ba inda za ta.

Zazzaɓi ya kwantar da Mahamadou asibiti. Ya roƙi Huzaifa, Bakano abokin karatunsa, ya riƙa ƙara kawa.

"Haba Buzu, kwanta abinka. Dabbar da ba ta da kai ce za ta gagare ni?"

Huzaifa bai leƙa ba ko sau ɗaya. Kawa ta ƙare. Jajayen suka juya kan ƙananan, waɗanda suka hau gilashi har bakin ruwa suka rasa mafita. Mahamadou ya dawo ya tarar da ɓawo.

Gaban malaminsu, Sinancin Mahamadou bai wuce gaisuwa ba, Ingilishinsa gurgu. Huzaifa ne tafinta. Abin da ya faɗa wa malamin shi ne Mahamadou bai bar wa kowa sallahu ba. Mahamadou na tsaye yana gyaɗa kai, bai san kansa yake yankawa ba. Aka ce tallafin karatunsa zai tsaya ƙarshen zango. Gida ba ya komuwa hannu wofi, nan kuma ba zama.

Ranar Juma'a a ƙofar Masallacin Huaisheng, Alhaji Ƙasimu mai sarin wanduna ya dafa kafaɗar Huzaifa, ya dubi Mahamadou.

"Kai ɗan Nijar, riƙe abokin nan naka! Makon jiya tun safe har magariba yana biye da ni kasuwannin Baima da Xintang. Ko makaranta bai je ba saboda ni. Ya iya matse lawban, masu shagunan nan, su rage farashi!"

Nan Mahamadou ya gane inda Huzaifa yake a makon da shi yake kwance asibiti. Washegari ya roƙi Alhajin ya raka shi wurin malamin, suka nemi wani tafintan, ƙaryar Huzaifa ta fito fili.

An mayar wa Mahamadou tallafinsa, zai soma daga farko. An kori Huzaifa daga jami'a, an soke bizarsa.