Layin da Ya Karye

Dogo direba bai yi sallama ba. Ta tagar ofis ya zuro hannu ya ci kwalar akawu, ya gwara masa fuska da ƙarfen tagar har sau biyu. Kwana uku ke nan tirelarsa na shan rana a ƙofar ɗakin lodi, ana kiran waɗanda suka zo bayansa suna ɗaukar siminti suna wucewa.

Akawu ya ji ɗanɗanon jini, haƙori ɗaya na lilo a bakinsa. Kafin ya ce uffan sauran direbobi sun ɓalle ƙofa. Wani ya maka masa kujera a gadon baya, wani na ihu wai sayar da layi yake yi. Shi kuwa bawan Allah, shekara ashirin ko ruwan direba bai taɓa sha ba. Laifinsa daban ne, kuma tonuwarsa ta fi duka ba shi tsoro: idonsa ne ke mutuwa. Kwanan nan ya lallaɓa ya ƙara wa rubutun kwamfuta girma, a baƙar tagar nan ta kan allo da ke jero sunayen direbobi da lambar layin kowa. Ranar da manaja ya sani, aiki ya ƙare, kuma 'ya'ya shida ba haƙuri suke ci ba.

Da kulake masu gadi suka raba. Aka kira mai gyaran kwamfuta, ta tsallake fasassun gilasai ta zauna. Kallo ɗaya ta yi wa allon ta gane. Ta ce rubutun ya fi ƙarfin faɗin tagar, shi ya sa kowane layi ya karye biyu, lambar mutum ta faɗo ƙasa ta manne da sunan wani. Ta rage girman rubutun, ta ja gefen tagar ta buɗe. Sunaye suka miƙe sambal, ga Dogo a sama, tun shekaranjiya layinsa ne.

Manaja ya tambaye ta wa ya taɓa. Ta dubi akawu ta wutsiyar ido, ta ce wani lokacin hannu ne ke zamewa.

"To, karanto na gaba a sallami mutane," in ji manaja.

Akawu ya matsa har hancinsa na neman taɓa allon. Tururuwa kawai yake gani. Sai bakinsa ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, ba na gani. Da safe ras nake gani. Dukan nan ne."

Manaja ya juya ya yi wa masu gadi nuni da kai.

Daga bayan ɗakin lodi ake jiyo saukar kulki, tim, tim, da muryar Dogo yana rantsuwa shi layinsa kawai ya nema. Mai gyara ta tattara kayanta ba ta ƙara kallon akawu ba. Kunya ta rufe shi, ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna gida. Ya haɗiye jinin, ya roƙi a kira masa mota zuwa asibiti.