Sunan Orval da Fensir

Har yau in an zauna shan kofi bayan an tashi daga coci, sai wani ya kawo zancen Maxine Tollefson, ya ce ga macen da ta zaɓi gaskiya ta bar mulki. Mutane dai na son labari mai tsabta. Ba haka abin ya faru ba.

Shekara talatin da ɗaya Maxine tana koyarwa a makarantar Sage Hollow kafin a rufe ta, wai yara sun yi kaɗan. Yanzu ƙarfe shida na safe mota ke kwasar su, tafiyar awa biyu zuwa birni. Abin da ya fito da ita takarar shugabancin makarantun jiha ke nan. Amma kafin suna ya hau takardar zaɓe, sai an tara sa hannun mutum dubu biyu, kuma duk wanda ya zaga da takarda sai ya je gaban mai hatimi ya rantse cewa da idonsa ya ga kowa ya sa hannu.

Mijinta Orval ne ya ɗauki yankin arewa, inda tsakanin gida da gida sai a yi mil ashirin. Wata biyu yana yawo a tsohuwar akori-kurarsa, yana shan kofin mutane har da wanda ba ya shawuwa. Ya dawo da mutum ɗari uku da sha biyu. Rantsuwar ce ya ce sai Litinin, in ya shiga gari sayen gishirin shanu. Ranar Asabar ya faɗi a bakin shinge, bai tashi ba.

In aka cire nasa, lissafi bai cika ba. Wa'adi kuwa Juma'a, ƙarfe biyar, a birni.

Dot, ƙanwar Orval, ita ke jan ragamar kamfen. Ta ture kwanukan abincin da maƙwabta suka kawo na ta'aziyya, ta baza takardun a tebur.

"Ke za ki rantse, shi ke nan."

"Ban ga ko ɗaya ba, Dot."

"To wa ya gani? Shanu? Mutanen nan kin san kowannensu, rabinsu ke kika share wa majina. Ke dai komai na duniya sai kin bi shi da jan biro."

"Ƙarya ce fa, a kan rantsuwa."

"Taya huɗu yayana ya cinye a kan wannan abu. Sai ya tafi a banza?"

Maxine ta ɗauki jakarta. Ta yarda. Wannan ne ba a faɗa a coci.

Mai hatimin a banki take, Jolene, tsohuwar ɗalibarta. Ta duba takardun, ba ta ɗago ba.

"Malama, ya ƙarin haƙuri? Sai dai akwai wani suna a gurbin mai rantsuwa. Fensir ne, zai gogu." Ta turo mata abin gogewa.

Orval bai taɓa yarda da biro ba. Fensirin kafinta ne kullum a bayan kunnensa. A ƙasan kowace takarda, guda goma sha shida, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya danna har ya fito ta baya. Ɗaya ma da shatin gindin kofinsa a jiki.

Maxine ta goge harafin farko. Ta hure ɓurɓushin, ya watse a kan tebur. Ta tsaya tana kallon ragowar sunan.

"Ara mini fensir, Jolene."

Ta mayar da harafin. Bai yi kama da nasa ba.

"Haba Maxine," in ji Dot. "Yau Juma'a, ƙarfe biyu ta wuce. Yaran fa?"

"Na sani."

"Suna ne kawai a takarda!"

"Na sani, Dot."

Ta tattara takardun ta mayar jaka.

Sunanta bai hau takardar zaɓe ba. Wani mutum daga birni ne ya ci zaɓen. Dot ba ta ƙara taka gidan ba. Masu yabon Maxine kuwa ba ta taɓa gyara musu zance ba, ba ta kuma taɓa cewa ta gode ba.

Motar makarantar na bi ta ƙofar gidanta har yanzu. Tana ganin kawunan yaran jingine da gilashi, suna barci. Da can takan ɗaga musu hannu.