Gefen Littafin Kaka

Littafin addu'o'in da kakan Fadila ya rubuta da hannunsa, ya goyo tun daga Hadeja a hanyar Makka, kullum ramewa yake yi. Ba gara ke cinsa ba, Goggo Maiturare ce. Duk yaron da ya kwana da zazzaɓi a layinsu na Omdurman, birnin da Kaka ya yada zango ya zauna kusa da Khartum, sai ta yagi ɗan farin gefen takarda ta jiƙa masa ya sha. Yanzu yagar ta kusa taɓa rubutun.

Fadila kuwa tana karatun gaba da digiri a Khartum, fannin adana kayan tarihi, kuma wannan littafin ta zaɓa ya zama aikinta na ƙarshe. Malaminta, Ustaz Salih, ya gaya mata gyaran da ba zai ɗore ba ba gyara ba ne: in yagar ta ci gaba, to Fadila ta faɗi jarrabawa.

Ta liƙe gefunan da siririyar takarda da kunun alkama, shafi bayan shafi, har bayanta ya ƙage. Ranar Juma'a ta tarar an yage sabon liƙin. Haushi ya kama ta har ta yi kuka. Ta yi wa Goggo bayanin danshi da tawada, Goggo ta saurara tsaf kamar mai jin labarin wata ƙasa.

"Ke 'yar nan, albarka ba a kulle ta a akwati," in ji ta. "Halas, magana ta ƙare."

Fadila ta daina gardama. Ta yanko fararen takardu masu kyau, ta sa tsakanin shafukan, suka kwana a jikin rubutun Kaka. Goggo ta ɗauki ɗaya ta sunsuna, ta juya ta, ta ce ai wannan ma ta sha albarka. Daga nan ita take yaga.

Da masu jarrabawa suka zo gidan, Ustaz Salih ya duba gefunan ɗaya bayan ɗaya, bai ga sabuwar yaga ba. Ya ce ta ci, da yabo. Daɗi ya cika Fadila har ta rasa inda za ta sa kanta.

Goggo ta mayar da littafin cikin gafakarsa ta fata, wadda tun zuwan Kaka ba a taɓa damƙa wa wani yaro a gidan ba. Ta ɗora ta a cinyar Fadila.

"Riƙe, ya bitti, 'yata. Daga yau wurinki zan riƙa zuwa roƙon takarda."