Rami a Bangon Matafiya

A gidan su Zulaikha, a unguwar Digel, ba a taɓa kafa ƙusa a bango ba. Kakansu ya baro Katsina da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce a ɗan yada zango. Tun daga nan zuriyarsa suke ɗaukar kansu matafiya: ba sa dasa itace, ba sa huda bango. Ko da aka rushe ginin laka aka ɗora na siminti, dokar ba ta rushe ba. Riga a kan igiya, madubi a jingine, na'a-na'a da ɗoɗɗoya a tukwanen ƙasa ginin garin Gawi, wai ranar tashi a sunkuce su a wuce.

Damina kuwa ba ruwanta da wasiyya. Bara ruwa ya kwanta a tsakar gida ya ruɓar da rabin shukar Zulaikha. Bana, hadari na fara haɗuwa, ta kira Mudi kafinta, mutumin Maraɗi, ya kafa mata katako a bango ta ɗora tukwanen. Unguwar babu wutar lantarki balle injin huda bango, sai dai kurfi da guduma.

Bugun farko ya fito da yayanta Waliyyullahi daga ɗaki, hula a karkace.

"Kai, tsaya! Zulai, wa ya mutu kika gaji gidan nan ke kaɗai?"

"Babu wanda ya mutu, Yaya, sai na'a-na'ata."

"Kin san abin da aka bar mana. Wanda ya huda bango ya cire rai da tafiya."

"Ina aka binne Baba?"

Ya gyara zaman hularsa, ita ta ba kanta amsa.

"Maƙabartar Lamaji. Inna ma Lamaji. Ramin da aka haƙa musu ya fi wannan zurfi, ban ji ka ce sun saɓa wasiyya ba. Kuma yanzu jirgi ake hawa. Ranar da Allah ya kira mu Makka, katako ne zai riƙe mini zani?"

Mudi ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. "Ku dai sasanta, Baba. Ni in an ce in toshe, sai in toshe."

Waliyyullahi ya matso ya sa ɗan yatsa a wurin da simintin ya ɓare. A gidan nan aka haife shi, a nan gemunsa ya yi fari. Ya daɗe yana kallon tukwanen da ke jere a ƙasa, gindinsu har yanzu da shatin ruwan bara.

"Yaya ƙusa za ta kama a siminti?"

"Ba ta kamawa, Baba. Sai na fafe rami, in cusa guntun icce ya cije, sannan in murɗa ƙusar cikin iccen."

"To, kalas, shi ke nan. Buga."

Mudi ya fafe rami na farko, ya matsa zai fara na biyu. Tsohon ya riƙe masa hannu.

"Nan ya yi ƙasa, ba ka gani? Zulai, ja baya ki duba mana."

"Ɗaga kaɗan. Kaɗan kuma. Yauwa!"

"Ka daidaita shi sosai," in ji Waliyyullahi, ya tallabe katakon da hannu biyu. "Ni zan riƙa kallonsa kullum in ina shan shayi. Kuma ka bar wuri a gefe, ina son tukunyar barkono."